Saitin fatsar bakin teku na 'yan koyo: sanda da inji sun yi, akwatin ƙugiya ne ya ba ni haushi

Kayan sun zo a kwali ɗaya: sanda mai gaɓa biyu, tsawonta mita 3.6, da injin naɗe zare mai lamba 6000 (lambar girmansa ke nan) wanda aka riga aka cika wa kwarkwaro da zaren nailan, sai wani ɗan akwatin roba mai ƙugiyoyi da dalma (nauyin da ke nutsar da koto) da mahaɗan zare. Irin saitin nan ne da ake haɗa wa wanda bai taɓa jefa fatsa daga gaɓar teku ba. Na daɗe ina amfani da shi, a ranar da ruwa ya kwanta da ranar da ya tashi, kuma hukuncina a taƙaice shi ne: a saya, amma kada a tafi bakin ruwa da shi yadda ya fito daga kwali.

Sandar ba ta da laifi. An rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar nauyin giram 56 zuwa 170, kuma wannan rubutun ya fi tsawon sandar muhimmanci, domin shi ke gaya maka dalmar da za ka iya wurgawa ba tare da ka karya ta ba, a haɗe da nauyin koto. Na fi jin daɗinta da dalma mai giram 113. Ba ta kai sandunan kabon zalla sauƙin ɗauka ba, idan ka riƙe ta awa guda kafaɗa za ta sanar da kai. Amma ɗan koyo yakan buga sanda da dutse, ya jefar da ita a yashi, ya taka ta, kuma irin wannan mai ɗan nauyi ta fi jure wulaƙanci. Amfanin tsawonta ba nisan jifa kaɗai ba ne. Idan ka kafa ta, tana ɗaga zare sama da inda igiyar ruwa ke fashewa, ruwan bai samu damar jan kotonka zuwa gaɓa ba.

Game da nisa, masu talla sun cika zuzuta shi. Kifi da yawa yana kiwo ne a kwarin da ke tsakanin gaɓa da tudun yashi na farko, inda igiyar ruwa ke tono tsutsa da ƙananan ƙaguwa. Sau da yawa wurin bai wuce 'yan mitoci daga ƙafarka ba. Ka je lokacin da teku ya janye ka duba inda ruwan ya fi duhu kuma igiyar ba ta fashewa, nan ne mai zurfi, sannan ka dawo idan ya fara cika. Don haka ban ga dalilin da mai farawa zai nemi sanda mai mita 4.5 ba.

Injin ma ya yi aikinsa. Birkin zaren yana sakin zare a hankali idan kifi ya ja, ba ya fizga, kuma abin da ake nema ke nan. Rauninsa ɗaya: ba a toshe shi sosai daga ruwan gishiri ba. Akwai ranar da igiyar ruwa ta watsa masa ruwa da yashi, washegari da na juya hannunsa sai na ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Sai da na kwance kwarkwaron, na goge, na sa mai, kafin ya dawo daidai. Kulawarsa ba wuya. Ka ɗaure birkin, ka yayyafa masa ruwan daɗi a hankali (ruwa mai ƙarfi yana tura gishiri ciki ne), ka shanya, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Kuma kada ya taɓa yashi. Guntun bututun roba da aka yanke bakinsa a karkace, a kafa a yashi, ya isa mazaunin sanda, kuma abin mamaki saitin bai zo da ko ɗaya ba.

Zaren da aka naɗa masa daga masana'anta kuwa ya daɗe a kwarkwaro, yana fita a murɗe, yana ƙullewa. Na cire shi na sa sabon nailan mai ɗaukar kilo 9. Za a ce maka saƙaƙƙen zare ya fi, kuma gaskiya ne ya fi siriri, ya fi nisa, ba ya miƙewa, har ɗan taɓin kifi kana ji. Sai dai yana yanka yatsa wajen jifa idan ba ka sa kariya ba, kuma idan iska ta ƙulle shi sai almakashi. Nailan ya fi yafe wa ɗan koyo.

Abin da ba a saka a kwalin ba, kuma ko a takardar bayani ba a ambata ba, shi ne zare mai kauri da ake ƙullawa a gaba don ya ɗauki ƙarfin jifa. Ƙa'idar da masu wannan fatsa ke bi ita ce kusan kilo 4.5 na ƙarfin zare ga kowane giram 28 na dalma. Wato dalma mai giram 113 tana buƙatar zare mai ɗaukar kilo 18, tsawonsa ya zagaya kwarkwaro 'yan zagaye ya fito har bakin dalmar. In babu shi, zaren zai iya tsinkewa a tsakiyar jifa, dalmar ta tafi inda ta ga dama, a wurin da mutane ke yawo da yara. Wannan sakaci ne babba daga masu haɗa saitin.

Akwatin ƙananan kayan shi ne inda aka yi rowa. Dalmomin duk mulmulallu ne, ruwa yana mirgina su har ka tarar da kotonka ya dawo gabanka. Yashi yana son dalma mai siffar dala, wadda ke nutsewa ta riƙe, idan kuma ruwa yana ja da ƙarfi sai mai ƙafafun waya. Ƙugiyoyin sun fara tsatsa tun fitar farko, wasu bakinsu ko farce ba ya kamawa. Na maye su da waɗanda bakinsu ya lanƙwasa ciki, masu girman lamba 1/0 zuwa 3/0. Irin waɗannan ba sa son a fizga sanda; idan kifi ya ɗauki koto ya juya, sai ka fara naɗewa kawai, ƙugiyar ta kama gefen bakinsa da kanta. Cire ta ma ya fi sauƙi idan ƙaramin kifi ne da za ka mayar ruwa.

Wanda zai fita sau 'yan kaɗan a shekara, wannan saitin zai ishe shi, muddin ya canza zare, ya ƙara na kauri a gaba, ya sayi dalma da ƙugiya na kirki, da filaya don cire ƙugiya. Wanda kuma ya san zai riƙa shiga ruwa har gwiwa kowane mako, ya riƙe sandar, amma ya nemi inji da aka toshe daga gishiri tun farko.