Amya ko gefen lambu domin ƙudajen daji: amsa ga mai kankana da tumatir

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin sayen amya biyu da ware gefen lambu domin ƙudajen daji, wato dangin ƙudan zuma da ke barbarar fure, shawarata ita ce ka ware gefen, kuɗin amyar kuma ka ajiye su domin iri da man injin ban ruwa. Na gwada duka biyun a fadamarmu, kuma abin da ya gyara mini kankana bai ci mini ko kwabo ba.

A shekarar da kankanata ta yi ta fitowa a karkace, wasu 'ya'yan kuma suna zubewa tun suna kamar ƙwan kaza, na ɗora laifin a kan taki da iri. Maƙwabcina, wani dattijo da muke kira Baba, iri ɗaya muka shuka da shi, amma tasa ta cika ta yi kyau. Lambunsa yana da shingen zogale, akwai tafasa da ɗoɗɗoya da rama da ya bari a bakin rijiya, ga wani busasshen kututture da ya hana yara su faskara. Wata rana bayan sallar asuba ya riƙe hannuna ya kai ni wurin, muka tsaya har rana ta ɗaga. Da idona na ga manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu huda icce suna fitowa daga kututturen, na ga galla, na ga wasu ƙanana masu sheƙi suna fitowa daga ramukan ƙasa waɗanda a da nake ɗauka na tururuwa ne, kowanne yana faɗa wa fure. Da na koma nawa lambun, wanda na share tas na kuma yi masa feshi sau biyu a mako, sai na ji shi tsit, babu ƙugin komai. Ban manta da wannan safiyar ba har yau. A daminar da ta biyo baya na bar taku uku a gefen gabas ban nome ba, na dasa zogale, na jingine itatuwa busassu, kuma tun a noman rani na biyu na fara ganin bambanci a siffar kankanar da yawanta.

Dalilin yana cikin yadda furen yake. Kankana da kabewa suna da furen namiji daban da na mace, furen macen kuma yini ɗaya kawai yake buɗewa, aikinsa duk da safe ne. Yana bukatar ɗaruruwan ƙwayoyin garin fure su sauka a kansa ta kowane ɓangare, wanda ke nufin sai ƙudaje sun ziyarce shi sau da yawa kafin rana ta yi zafi, idan kuwa ɓangare ɗaya bai samu ba, ɗan zai fito a karkace ko ya zube. Tumatir da gauta nasu ya fi haka wuya, domin garin furensu a rufe yake cikin wani ɗan bututu, ba ya zubowa sosai sai an girgiza shi. Baƙin ƙuda mai huda icce yana kama furen ya kaɗa jikinsa da ƙarfi har garin ya zubo, ƙudan zuma na amya kuwa bai iya wannan ba, kuma furen tumatir ba shi da ruwan zaƙin da zai ja shi. Tunda ka ce rabin lambunka tumatir ne, amya ba za ta yi wa wannan rabin aikin kirki ba.

Ita amyar, gaskiya ƙudanta yana barbarar kankana, kuma mai son zuma zai samu zuma. Tawa dai mako biyar ta yi ƙudan ya tashi ya bar mini akwati, bayan ya harbi masu yi mini cirar ciyawa, kuma ko kafin ya tashi, da mangwaron gari ya yi fure can ya koma kiwo.

Abin da na gani a lambun Baba masana sun auna shi. A shekarar 2013 an wallafa wani babban bincike da ya duba gonaki kusan 600 na amfanin gona iri-iri a nahiyoyi daban-daban, aka gano cewa ƙaruwar ziyarar ƙwarin daji tana ƙara ɗaukar 'ya'ya ninki biyu na abin da irin wannan ƙaruwar ta ƙudan zuma take yi. Nau'in dangin ƙudan zuma a duniya ya kai 20,000, mafi yawansu ba su yin zuma, kuma galibinsu a cikin ƙasa suke gida, shi ya sa ƙona daji da nome kowane taku na gona suke hallaka su ba tare da manomi ya sani ba. Turawa sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Ingila ta rasa kashi 97 cikin 100 na filayen furannin dajinta tun daga shekarun 1930, kuma wani nau'in bambulbi, wato ƙaton ƙuda mai gashi na ƙasashen sanyi, tun 1988 aka yi masa ganin ƙarshe a can kafin a ayyana cewa ya ƙare a ƙasar. A Amurka ma a 2017 hukuma ta sa wani nau'in nasa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, bayan ya ragu da kusan kashi 87 cikin 100 a cikin shekara ashirin.

Ba ka tambaye ni ba, amma sai na ja kunnenka game da masu sayarwa, domin a nan aka cuce ni. Wanda ya sayar mini da amya taron ƙuda ya kamo a daji kwana kaɗan kafin in zo, ya zuba a akwati ya ce mini sun zauna. Idan har wata rana za ka saya, kada ka biya sai an buɗe maka ka ga saƙa mai ƙwai da 'ya'ya a rufe, domin ƙudan da ba shi da 'ya'ya babu abin da zai riƙe shi. Haka kuma duk wanda ya ce zai kawo maka kwalin bambulbi daga Turai domin tumatir, ka ba shi haƙuri. Wannan ƙuda ba ɗan ƙasarmu ba ne, babu shi a Afirka kudu da Sahara, kuma kwalin 'yan makonni yake aiki ya mutu. Ƙasar Chile ta shigo da shi a ƙarshen shekarun 1990, ya tsere daga gonaki ya tsallaka Ajantina a 2006, kuma a wuraren da ya isa, ƙaton bambulbinsu na asali, wanda yana cikin mafi girma a duniya, ya yi ta ɓacewa, ana kuma zargin cututtukan da baƙon ya zo da su.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu ɗura maganin ƙwari a kwalabe marasa takarda suna sayarwa a ranar kasuwa, suna cewa ba ya taɓa ƙudan zuma. Kada ka sayi abin da babu sunan sinadarinsa da lambar NAFDAC a jiki. Idan ka ga an rubuta imidacloprid ko thiamethoxam, ka sani cewa tsiro yana shanye su ne har su kai ga garin fure da ruwansa, saboda haka ko da yamma ka fesa ba su bar ƙuda ba, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili tun 2018.

Saboda haka ka fara tun wannan makon. Ka zaɓi gefen da feshi ba ya kaiwa, ka bar taku biyu ko uku a tsawon lambun, kada garma ko wuta su taɓa shi. Ka dasa zogale, ka bar tafasa da ɗoɗɗoya su yi fure, idan akwai magarya ko gawo kusa kada ka sare su, domin gawo yana fure ne bayan damina ta wuce, lokacin da abinci ya yi wa ƙudaje ƙaranci. Ka jingine busassun itatuwa a inuwa, ka ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Idan feshi ya zama dole, ka yi shi bayan la'asar sakaliya lokacin da furen kankana ya rufe. Kafin ka fara, ka tsaya a lambun da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga ƙudaje nawa suka sauka a kan fure goma cikin minti goma, ka rubuta, sannan ka sake ƙirgawa a daidai wannan lokaci baɗi, ka zo ka faɗa mana abin da ka samu. Allah ya sa albarka a noman.