iPhone ta hannu ko sabuwar Tecno?

Kullum a fada sai an tambaye ni wacce salula za a saya, to ga nawa gani. Tecno ta kamfanin Transsion ce na ƙasar Sin, da yawansu batir 5000mAh ne, ko kuran ya ɗauke za ta kai ka dare, ga sim biyu, in gilashi ya fashe nan Damagaram a canza maka da kuɗi kaɗan. iPhone kuwa wajen hoto ba magana, kuma tana riƙe darajarta, amma ta hannu wallahi ka duba iCloud, wato asusun tsohon mai ita da ke iya kulle salular, wani ƙanena ya sayi kullalliya har yau tana cikin akwati. Ɗan kabu-kabu mai wuni a rana Tecno ta fi masa, mai ɗaukar bidiyon biki ya nemi iPhone.