Kwas ɗin dillalan inshora da na biya daga aljihuna: rana ɗaya ce ta fanshi sauran ukun

Shekara shida ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfanin dillancin inshora a Kano. Mu bakwai ne har da direba. Idan aka tambaye ni sana'ata a wajen ɗaurin aure na ce dillali ne, sai a ce na fili ko na mota? Da na ce na inshora, sai fuska ta canja, wani ya ce "Allah Ya kyauta," wani kuma ya fara ba ni labarin yadda aka sayar masa da takardar mota ta bogi a bakin ofishin lasisi. Na saba.

Ga wanda bai sani ba, dillali daban yake da ejan. Ejan ɗan kamfanin inshora ne, hajar kamfaninsa yake tallatawa. Dillali kuwa na mai saye ne: shi zai zagaya kamfanoni ya nemo masa sharuɗɗa masu kyau, ya karanta masa ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda, in asara ta faru ya tsaya masa har a biya shi diyya. Amma la'adar dillalin daga wajen kamfanin inshorar take fitowa. Ka ga kuwa sana'ar da wani ke biyanka don ka kare wani, in ba ilimi da tsoron Allah, ba za ta yi kyau ba.

Ta fuskar rajista ba mu da matsala. Kamfaninmu mamba ne a NCRIB, majalisar dillalan inshora ta Najeriya, wadda tushenta ya faro tun 1962, ta kuma samu dokar kanta a 2003. Ba shiga ce ta ganin dama ba, sai ka yi rajista da ita kafin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasar, ta ba ka lasisin dillanci. Ni kaina ina bin jarrabawar CIIN, cibiyar da ke ba ma'aikatan inshora shaidar ƙwarewa, a hankali, takarda biyu bana, ɗaya baɗi. Abin da ya rage mini shi ne abin da littafi ba ya koyarwa. Shi ya sa da na ga sanarwar wani kwas na kwana huɗu a Abuja, wanda wani kamfanin horaswa mai zaman kansa ya shirya wa dillalai, na je na sami maigidana. Ya duba farashin, ya cire tabarau, ya ce, "Kwanakin zan ba ka, kuɗin kuma ka nemo." Kuɗin kwas da mota da masauki sun cinye mini abin da ya haura albashin wata guda. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don ina da ƙorafi a kansu, kuma ba ɓata wa kowa kasuwa na zo yi ba.

Ranar farko ɓata lokaci ce. Wani matashi da kwat ya tsaya yana karanta mana abin da ke kan allon majigi, kalma bayan kalma: an kafa NAICOM a 1997, ga ma'anar inshora, ga ka'idojinta. Duk wanda ya zauna jarrabawar matakin farko ya haddace waɗannan. Mu kusan talatin ne a ɗakin, rabi suna danna waya.

Rana ta biyu ce ta sa na daina jin ciwon kuɗina. Wani dattijo aka kawo, tsohon mai ƙiyasta asara, irin mutanen da kamfanin inshora ke turawa bayan gobara su auna abin da ya ƙone. Bai kunna majigi ba. Wata tsohuwar jaka ya buɗe, ya fito da fayil-fayil da aka goge sunayen masu su, ya raba mu gida biyar, ya ce kowane rukuni ya gaya masa nawa za a biya mai wannan asarar, da dalili. Namu fayil ɗin na wani ɗan kasuwa ne da ya yi wa kayan sitonsa inshorar gobara ta naira miliyan 20, wuta ta ci na miliyan 10. Ba mu ɓata minti biyu ba muka ce a biya shi miliyan 10, tunda bai kai adadin da ya yi wa inshora ba. Dattijon ya yi murmushi ya ce mu buɗe shafi na gaba. Ashe ranar da wutar ta tashi kayan da ke cikin siton na miliyan 40 ne. Tunda rabin darajar kayansa ya yi wa inshora, rabin asarar za a biya shi, miliyan 5, sauran kuma shi ya ɗaukar wa kansa tun ranar da ya rage adadin. Na san wannan sharaɗin a littafi, har na taɓa amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma ban taɓa haɗa shi da fuskar wani mutum da na sani ba sai a ranar.

Fuskar wani Alhaji ce ta faɗo mini, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda nake sabunta wa takarda duk shekara. Adadin da ke kan takardarsa shi ne wanda muka rubuta tun kafin darajar naira ta faɗi a 2023. Kowace shekara in na je sai ya ce, "Yaro, a bar shi yadda yake, kar ka ƙara mini kuɗi," ni kuma in ce to, Alhaji, in karɓi cek in yi godiya. Dilar da yake saya a wancan lokacin yau kuɗinta ya ninka. Ga shi kuma kayansa ba su tsaya a adadi ɗaya ba, ana gab da azumi sito cika yake har rufi, bayan babbar salla ya rage. Da wuta ta tashi a watan Sha'aban, abin da za a ba shi ba zai kai rabin asararsa ba, kuma ni zai kalla, ba kamfanin inshora ba. Dattijon ya nuna mana maganin irin wannan: akwai tsarin da ake yi wa kayan da ke hawa da sauka, a sa adadi mafi yawa da sito zai iya ɗauka, mai kaya ya riƙa bayyana abin da ke ciki lokaci-lokaci, a ƙarshen shekara a daidaita kuɗin. Shekara shida ina wannan aiki, ban taɓa ba kowa wannan shawarar ba.

Bai tsaya nan ba. Ya tambaye mu wa ke da abokin hulɗa a kasuwar da ruwa ya taɓa shiga. Na ɗaga hannu, don ban manta ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ba, da yadda aka riƙa shanya atamfa a titi. Wani ɗan Maiduguri ya kawo ta garinsu, ta Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Dattijon ya ce to ku koma ku duba takardunku: inshorar gobara zalla gobara ce da tsawa da wasu nau'o'in fashewa, ruwa da guguwa sai an ƙara su da suna, an biya kuɗinsu. Mu a Arewa da an ce kasuwa sai tunaninmu ya tafi kan wuta, saboda irin ta Sabon Gari ta 2016, mu manta da ruwa. Sannan ya yi magana kan rasit da littafin shige da fice na kaya. Mai ƙiyasta asara ba rantsuwa yake karɓa ba, takarda yake nema. Ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin kansa, ko cikin littafin da ya ƙone tare da shagon, zai sha wahala ko da gaskiyarsa. Shawararsa mai sauƙi ce: a riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya duk mako, a tura wa dillali. Wannan kaɗai ya isa a ce na je Abuja.

Rana ta uku ta doka ce, kuma ba laifi. Wata lauya ta bi da mu ta cikin sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025, wadda ta maye gurbin ta 2003. Abin da ya fi shafata shi ne ƙarin jarin da aka ɗora wa kamfanoni: naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu ta dukiya, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanonin inshora inshora. Ma'anarsa a wajen dillali ita ce ya buɗe ido ya san wa yake kai wa kuɗin mutane, kar ya bi mai araha ko mai saurin sakin la'ada. Ta kuma tuna mana ka'idar nan da aka tsananta tun farkon 2013, cewa in ba a biya kuɗin inshora ba to babu inshora. A kasuwar Kano, inda ake ɗaukar kaya a ce "sai Juma'a", wannan ka'ida ita ce ta fi wuyar fahimtarwa. Mutum zai ce maka ai mun yi magana, ai ka rubuta. Magana ba ta kashe wuta.

Yanzu ga inda suka gaza. Takaful, wato inshorar taimakon juna da ake gudanarwa bisa ka'idar Musulunci, minti arba'in aka ba shi, a ƙarshen rana, bayan la'asar, kowa ya gaji. Wanda ya gabatar kuma da gani ba fagensa ba ne, ya kira shi "inshorar Musulmi" ya wuce. Alhali NAICOM ta fitar da ka'idojin takaful tun 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki da lasisi, kuma ba sai Musulmi ke shiga ba. Ni a wajena wannan ba ƙaramin darasi ba ne, shi ne ƙofar shiga kasuwa. Tambayar farko da ɗan kasuwa ke yi mini ba "nawa ne?" ba ce, "ya halatta?" ce. In ba zan iya bayyana masa cewa abin da yake zubawa gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa mahalarta, to hira ta ƙare tun kafin a kawo shayi. Na yi tambaya kan yadda ake lissafin rarar, aka ce in turo ta imel. Na tura. Har yau.

Misalan ma duk na wata duniya ne: jiragen ruwa a Apapa, rijiyoyin mai, manyan masana'antu. Ba wanda ya yi maganar tirelar da ke ɗauko shanu daga Maigatari zuwa Kudu, ko buhunan riɗi da zoɓo a Dawanau, ko mai motar gida da ya ji an ce inshorar mota ta dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 amma ba wanda ya gaya masa cewa abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani shi ma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kuma ba a ce uffan ba kan yadda za ka faɗi waɗannan abubuwa da harshen mai saye. Duk abin da na koya da Turanci na koya, amma da Hausa zan sayar. A mota kan hanyar dawowa, tsakanin Kaduna da Zariya, na yi ta juya yadda zan fassara wa Alhaji sharaɗin nan na rabin diyya, har na tsaya a kan misalin adashe: wanda ya zuba rabin hannu ba ya kwasar cikakken hannu.

Abinci da masauki ba zan daɗe a kansu ba. Shinkafa kullum, ba a ware lokacin sallar azahar ba sai da muka yi magana, sai a rana ta biyu aka gyara. Zaman intanet biyu da suka yi alkawari bayan kwas, ɗaya aka yi.

Akwai wata riba da ba ta cikin takardar sanarwa. Mu tara da muka fito daga Arewa muka buɗe zauren WhatsApp. Cikin wata biyu wata 'yar'uwa daga Jos ta taimaka mini da samfurin wasiƙar neman diyya, ni kuma na haɗa wani na Sakkwato da wanda zai duba masa sito a Kano. Wannan ya sa na sake kallon kuɗin mambobi da maigidana ke biya wa NCRIB duk shekara, wanda a da nake ɗauka haraji ne kawai na sabunta lasisi. Takardun gayyatar taro da bita suna zuwa ofis, sai mu ajiye su ƙarƙashin faranti. Laifinmu ne. Da na riƙa zuwa, da wataƙila na haɗu da irin dattijon nan tuntuni, ba tare da na sayar da ragon da nake kiwo ba.

Wa zan ce ya je? Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aikin, ya taɓa zama gaban mutumin da shagonsa ya ƙone. Sabon shiga gara ya sa kuɗinsa a jarrabawar CIIN tukuna. Kuma kafin ka biya, ka nemi a ba ka sunayen masu koyarwa, ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa aikin biyan diyya da hannunsa. In babu, riƙe kuɗinka.

Satin da na dawo na je Kwari da safe, kafin kasuwa ta cika. Na gaishe da Alhaji, na ce, "Alhaji, yau ba sabuntawa na zo yi ba, ƙirga na zo mu yi." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Kuɗi za ka ƙara mini ke nan." Na kawo masa misalin adashen. Ya yi shiru, ya ja carbi sau biyu uku, sannan ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce ya ɗauko makullin sito na sama. Mun kai azahar muna ƙirga diloli. Satifiket ɗin kwas ɗin kuwa sai bayan mako bakwai ya iso, an rubuta sunan mahaifina ba daidai ba.