Mita DT830B a gwajin rezista: inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗarwa

Duk wanda ya fara taɓa aikin lantarki ya san wannan 'yar mita mai maɓallin juyawa a tsakiya, wadda aka rubuta DT830B a goshinta. Masana'antu da dama ne ke buga ta da wannan suna, shi ya sa za ka ga biyu sun yi kama a waje, ka kwance bayansu ka tarar cikin ya ɗan bambanta. Wannan sharhi ya auna ta ne a kan aiki guda: binciken rezistoci, wato ƙananan kayan da ke rage kwararar wuta, waɗanda aka haɗa a jere da waɗanda aka haɗa gefe da gefe a da'irar wutar batir.

Fuskarta ba ta wuce lamba 1999. Tana da matakai 5 na auna juriyar rezista da ma'aunin om (Ω; kΩ om dubu ne, MΩ om miliyan): 200Ω, 2000Ω, 20kΩ, 200kΩ da 2000kΩ. Ƙarfin wutar batir, da ake aunawa da bolt (V), kuma daga 200mV har 1000V, kwararar wuta, da ake aunawa da amfa (A), daga 200µA zuwa 200mA, sai wani rami daban na 10A. Batir mai bolt 9 take ci. Ba ta zaɓar mataki da kanta, kai za ka juya, kuma idan abin da kake aunawa ya fi ƙarfin matakin sai ta nuna lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu. Masu koyo da yawa kan ɗauka om ɗaya ke nan, alhali cewa take ka ƙara gaba.

A tsaka-tsakin aiki ba ta da laifi. Ɗauki rezista 1kΩ, mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ja, da wata 2.2kΩ mai jan zobe uku (launin zobban jikin rezista ne ke faɗin juriyarta). Haɗa su a jere a kan allon gwaji. A jere tarawa ake yi, don haka lissafi ya ba da 3.2kΩ, kuma a matakin 20kΩ mitar za ta nuna abin da ke kusa da 3.20. Jona batir mai bolt 9. Dokar Ohm ta ce a raba ƙarfin wuta da juriyar da'ira, 9 a raba da 3200, wato 2.81mA, kuma wannan kwarara ɗaya ce ke ratsa dukkansu tunda hanya ɗaya ce. Ƙaramar za ta riƙe bolt 2.81, babbar ta riƙe 6.19, in ka tara ka dawo 9. A matakin 20V mitar na ba da waɗannan lambobi daidai gwargwado, da sharaɗi ɗaya: ka auna batirin yana cikin da'irar kafin ka fara lissafi, don sabon batir kan kai 9.5, tsoho kuma yakan faɗi da zarar an ɗora masa kaya.

Juya su gefe da gefe, ƙafa da ƙafa a layi ɗaya. Yanzu kowace na ganin bolt 9 cif, kwararar ce ke rabuwa: 9mA ta ƙaramar, 4.09mA ta babbar, jimla 13.09mA. Wajen lissafin juriyar haɗin, idan guda biyu ne, a ninka su a raba da jimlarsu, sai a sami 687.5Ω. A nan zaɓen mataki ke da tasiri. A 20kΩ za ka ga 0.69, wanda bai gaya maka komai sosai ba, a 2000Ω kuma za ka ga 687 ko 688. Kullum ka sauka zuwa mafi ƙanƙantar matakin da zai ɗauki abin da kake aunawa. Sannan ka riƙe wannan ma'auni a kai: haɗin gefe da gefe dole ya fito ƙasa da mafi ƙanƙantar rezistar da ke ciki. In ka ga 1000 ko 2200 cak, wata ƙafa ce ba ta shiga ramin allo ba.

Haɗin gauraye ma tana iya masa. Saka 470Ω a jere da waɗancan biyun, jimla ta zama 1157.5Ω, kwarara 7.78mA, bolt 3.65 a kan 470Ω, ragowar 5.35 a kan biyun, su kuma su raba kwararar 5.35mA da 2.43mA. Idan abin da ka karanta ya kauce da kashi 2 ko 3 cikin 100, kada ka yi saurin zargin mita. Rezista mai zoben ruwan zinare an yarje mata kaucewar kashi 5 cikin 100, wato 1kΩ na iya zama ko'ina daga 950 zuwa 1050. Mitar ta fi rezistar tsayawa kan gaskiya. Auna kowace ita kaɗai tukuna, ka yi lissafi da abin da ka gani.

Matsalarta ta gaske tana fitowa ne a manyan rezistoci. Lokacin da take auna bolt, ita kanta rezista ce mai kimanin 1MΩ, kuma duk inda ka ɗora sandunanta ta shiga gefe da gefe da abin da kake aunawa. Jera rezista biyu masu 1MΩ a kan bolt 9. Hankali ya ce kowace ta riƙe 4.5. Ɗora mita a kan ta ƙasa: 1MΩ gefe da gefe da 1MΩ ya koma 500kΩ, rabon ya sauya, sai ta nuna maka bolt 3. Koma kan ta sama, ita ma 3. Ka tara ka sami 6, ka auna batir ya ce 9, ka zauna kana neman inda bolt 3 suka shige. Babu inda suka je, mitar ce ke karkatar da rabon duk inda ta sauka. Da rezistoci masu 100kΩ abin ya ragu, za ka ga 4.29. Da masu 10kΩ za ka ga kusan 4.48, wanda ba ya cutarwa. Mitoci masu daraja suna da 10MΩ a ciki, amma su ma a gwajin 1MΩ ɗin 4.29 za su ba ka, kawai dai ɓarnar ta ragu ne. Ga malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda haɗin gefe da gefe ke rage juriya, wannan aibi kayan darasi ne mai kyau. Ga mai gyara da ke bin layin da'ira mai manyan rezistoci, yana iya sa ya cire lafiyayyen kaya.

Yatsu ma na yin irin wannan ɓarna. In ka matse ƙafafun rezista 1MΩ da sanduna tsakanin yatsun hannu biyu, jikinka ya shiga gefe da gefe, kuma da ɗan gumi juriyar fata kan sauka zuwa 'yan ɗaruruwan kΩ ko ƙasa. Soka rezistar a allo, ko ka riƙe ƙafa ɗaya kawai.

Wajen auna kwarara labarin ya juya, domin a nan a jere mitar ke shiga. Dole ka yanke hanya, ka sa ta a tsakani, wutar ta bi ta cikinta. Kowane mataki yana da rezistarsa a ciki: kimanin 1kΩ a 200µA, 100Ω a 2000µA, 10Ω a 20mA, 1Ω a 200mA. Ga abin da hakan ke haifarwa. Batir mai bolt 1.5 da rezista 1kΩ ya kamata su ba da 1.5mA. A matakin 2000µA ka ƙara 100Ω a hanya, sai ka karanta kusan 1364µA. Koma 20mA, ka ga 1.48 ko 1.49. Matakin da ya fi yawan lambobi shi ne ya fi nisa da gaskiya, kuma takardar da ke zuwa cikin kwali ba ta zaunar da mai saye ta yi masa wannan bayani ba. A ƙaramar wuta, gara ka auna bolt a kan rezistar da ka riga ka san juriyarta, ka raba. Ba sai ka yanke komai ba.

A nan ne kuma fis ke mutuwa. Mutum ya gama auna kwarara, ya manta bai juya maɓalli ba, ya ɗora sanduna a kan batir kai tsaye. Mita a matakin 200mA kusan waya ce, fis ya tsinke. Alamarsa ita ce bolt na aunuwa lafiya, amma kwarara sifiri take nunawa kuma da'irar ta mutu duk lokacin da mitar ke ciki. Ramin 10A ba shi da fis, yawanci ma an rubuta haka a jikinta, don haka kuskure a can wayoyi ne za su yi zafi.

Wayoyin gwajin da ke zuwa da ita su ne mafi rauni a cikin kwalin. Sirara ne, suna tsinkewa daga ciki a gindin sanda, kuma suna da tasu juriyar. Juya zuwa 200Ω ka haɗa bakin sandunan biyu, da wuya ka ga 00.0, yawanci tsakanin 0.3 da 0.8 ne, har ya fi haka in maɓallin ya yi datti. A kan 1kΩ wannan ba komai ba ne. Amma haɗa rezistoci 10 masu 10Ω gefe da gefe, waɗanda ya kamata su ba da 1Ω, ka ga 1.5, kuskuren ya kai rabi. Rubuta abin da wayoyi suka nuna ka cire shi daga kowane awo. Ko da haka, ƙasa da om 10 mitar ƙiyasi take yi, tunda ba ta ganin abin da bai kai 0.1Ω ba. Sayen wayoyi masu kauri da baki mai kama ƙafa shi ne gyara mafi amfani da za ka yi mata.

Abu biyu ba laifinta ba ne, sai dai a kanta ake huce haushinsu. Na farko, auna rezista tana kan allon na'ura: sauran kayan da ke kewaye sun zama hanyoyi gefe da gefe, awo zai fito ƙasa da gaskiya. Kashe wuta, narke dalma, ɗaga ƙafa ɗaya. In kuwa rezista a kan allo ta nuna sama da abin da zobenta ya faɗa da nisa, wannan kam ta lalace. Na biyu, zafi. Rezistocin gwaji galibi kwata na wat suke ɗauka. Saka 100Ω ita kaɗai a kan bolt 9, za ta sha wat 0.81, ta yi ƙauri ta canja launi. Biyu a jere kowace na shan kusan 0.2, sun tsira. Biyu gefe da gefe kuwa kowace na nan da nata 0.81 muddin batirin ya iya riƙewa.

Ba ta kashe kanta, in ka manta ta a kunne batir ya tafi. Kuma batir mai rauni ba ya sa ta yin shiru, lambobinta ne ke hawa sama, don ma'aunin da take kwatantawa da shi a ciki ya faɗi. Da alamar batir ta bayyana a fuska, kwance sukurorin baya ka canja kafin ka yarda da wani awo. Ba ta da ƙarar gwajin tsinkewar waya, wannan sai a 'yar'uwarta DT830D.

Ga ɗalibi da mai koyon gyara da ke aiki da wutar batir da rezistoci daga 100Ω zuwa wajen 20kΩ, ta isa, kuma lambobinta za su yi daidai da lissafi. Wanda aikinsa ya kai ga ɗaruruwan kΩ ko ya sauka ƙasa da om 10 ya nemi mai 10MΩ a ciki, mai fis a kowane rami. Duk da matakin 750V na wuta irin ta gida da aka rubuta a jikinta, kada a kai waɗannan siraran wayoyi kan wutar gida.