Injin da ya cinye mini rigar Sallah

Assalamu alaikum mutanen gida. Tun da hoton nan nawa na ranar Babbar Sallah ya shiga zauren WhatsApp na 'yan garinmu ban huta ba. Wani ya ce talauci ne ya kama ni a Amurka, wani ya ce gwanjo na saya. To ga yadda aka yi, don a sauke ni daga faifai a majalisar bakin masallaci.

Rigar dai wasunku sun gan ta. Shadda ce shuɗiya mai duhu da Yaya ya yanko mini a Kantin Kwari lokacin da zan taho. Mai aikin hannu ya yi wata uku yana zuba mata aska takwas, sannan aka kai ta wajen mabuga a Kura, ta dawo tana ɗaukar ido. Ko sau ɗaya ban sa ta ba, tana ƙasan akwati a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, ina jiran Sallah. Ashe ƙullin daddawar da Inna ta cusa mini a gefen akwatin ya bar mini tsaraba. Daddawar tuni na cinye ta, warinta kuwa ya samu wurin zama. Daren jajibere na warware rigar, sai ka ce tukunyar miyar kuka na buɗe.

Gidan da nake haya yana da ɗakin wanki a ƙasa, injuna huɗu a jere, dukkansu masu buɗewa ta sama. Ka ɗaga murfi, ka zuba kaya, ka jefa 'yan kwabban nan na santi 25, ka kama gabanka. A tsakiyar kowanne akwai wani sanda a tsaye mai fikafikai, ni dai maburgi nake ce masa, don aikinsu ɗaya: ya murɗa dama, ya murɗa hagu, kaya suna naɗe shi yana fizgarsu. Wandunan aiki da singileti na saba zuba masa, ban taɓa tsayawa na ga abin da yake musu ba. Saboda rowa, kada in biya kuɗin wanki sau biyu, na haɗa rigar da sababbin tawul biyu farare, na murɗa ruwan zafi wai don wari ya fita. Da ya gama kuma na kwashe su gaba ɗaya na juye a injin busarwa.

Da na ciro ta, salati kawai na iya yi. Maiƙon shaddar ya tafi fat, ta yi laƙwas kamar tsohon zanin gado. Ɗinkin gefe ɗaya ya ɓarke wajen taƙi guda, inda ta naɗe maburgin. Zaren aikin ya motse ya ja yadin, aljihu ya tattare kamar fatar tsohuwa. Sannan ga ɓurɓushin tawul, fari fat, ya bi ta tun daga wuya har ƙasa, ya shige cikin kowane ido na aikin ya maƙale. Su ma tawul ɗin ba su tsira ba, sun koma kalar bula. Har ƙarfe biyu na dare ina zaune da salatif ina mannawa ina ɓamɓarewa, ina cire na nan na can yana leƙowa.

Ba ni da wata babbar rigar, kuma na riga na cika wa abokai baki cewa gobe za su ga shigar Kanawa. Haka na ɗinke gefen da allura na saka ta. A zauren da aka kama don sallar Idi, wani dattijo Badamagare, cikin mutanen Nijar da ke da yawa a garin nan, ya zauna a bayana. Liman yana huɗuba ina jin yatsu a kafaɗata, yana tsince mini ɓurɓushi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da aka shafa fatiha ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai da ragon layya kuka kwana ɗaki ɗaya?" Duk sahun aka kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Allah ya saka wa dattijon nan, shi ya wayar mini da kai. Na ce, "Baba, inji ne ya cuce ni." Ya ce ai injin bai ɓoye halinsa ba, ni ne ban duba ba, in na koma in zaro rariyar da ke jikin injin busarwa in gani. Na koma na zaro. Wani curi ne mai toka-toka, laushi lukui, sak audugar da kakata ke shiɓewa kafin ta hau kaɗi. Na tsaya da shi a tafin hannu ina juyawa, ga shuɗi-shuɗi a ciki. Rigata ce. Duk wankin da aka yi, gogayyar kaya da maburgi da kuma junansu tana tsinka ƙananan zaruruwa, zafi da iskar injin busarwa su kwashe su su tara a rariyar. Kullum ana ɗiban kaɗan daga jikin tufarka kana biyan kuɗi. A bangon ɗakin ma akwai takarda da ke cewa kowa ya share rariya in ya gama, don abin nan yana kama wuta. Shekara guda ina wuce takardar ban karanta ba.

Daga nan na koma shagon wanki na bakin titi, inda suke da masu ƙofa a gaba, mai gilashi zagayayye kana kallon kayanka. Wannan ba shi da maburgi. Gangar ce take juyawa a kwance, ta ɗaga kaya sama ta sake su su faɗo cikin ɗan ruwa, kusan yadda matanmu ke ɗagawa su maka a bakin kanal, sai dai ba dutse a ƙasa. A nan kam na sara wa Bature. Tsohon inji mai maburgi yana iya shan lita 150 a wanki ɗaya, jarka shida ke nan mai lita 25, shi kuwa mai ƙofar gaba na gida abin da yake sha bai kai rabin haka ba. Wajen matsa kuma yana juyawa sama da sau 1,000 a minti ɗaya, kaya su fito sun kusa bushewa, ba sai sun daɗe a injin zafi ba. Har bincike aka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a 2016, aka wanke rigunan sanyi na roba a injunan biyu, aka tarar mai buɗewa ta sama yana zubar da zare kusan ninki bakwai na ɗan'uwansa.

Amma shi ma da nasa halin. Da zarar ya fara sai ya kulle ƙofa, ko fasfo ka manta a aljihu sai dai ka tsaya kana kallonsa yana iyo. Ga jinkiri. Robar bakin ƙofar kuma tana riƙe ruwa, in ba a barin ta a buɗe ta sha iska sai ta yi fumfuna, kaya su fito suna warin rijiyar da aka daina ja. Wani abokina da ke Ingila da na ba shi labari dariya ya yi ta yi, ya ce su can kusan kowa mai ƙofar gaba gare shi, kuma a kicin suke ajiye shi. Wanki a madafi, kusa da tukunyar tuwo! Wannan kam ko Inna ba zan gaya wa ba.

Abu ɗaya da ya burge ni a nan, ko rigar dala biyar ka saya za ka ga ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe da ke gaya maka yadda za a wanke ta: hoton baho da lamba 30 ko 40 don zafin ruwa, hoton hannu a baho in ta wankin hannu ce, wata alamar kuma an soke ta, ma'ana kada ta shiga injin busarwa. Mu kuwa tela zai karɓi dubbai, ya ja maka rai har daren Sallah, ya manna sunan shagonsa da lambar wayarsa a wuyan riga, amma ya rubuta "a wanke da ruwan sanyi" ya gagara.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga dalilin da bai rubuta ba. A gida ilimin yana kan ɗan wanki. Mutumin nan da ke tsugune a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga, da ya taɓa yadi ya san na jiƙawa da wanda ba a jiƙawa. Ya ware fari daban, mai zuba daban. Ya juya shadda ta baibai, ya cuɗa wuya da bakin hannu kawai, ba ya murɗe ta, ya shanya a inuwa. Ya san sitatin da hula ke so da wanda jamfa ke so, ya ninke babbar riga yadda karin zai zauna daram a kafaɗa. Nan na kai wata jamfa shagon masu wankin ƙwararru, na biya abin da zai wanke mini kaya wata guda a gida, suka goge ta kamar kwat suka rataya mini a waya. Amma mu "ɗan wanki" zagi ne a bakinmu. Ya zo neman aure mu ce sana'ar ba ta yi ba, ya kawo kaya mu ce ya dawo ran kasuwa. Ni kaina na baro garinmu da bashin wankin kaya bakwai a kaina. Yaya, don Allah ka biya shi a cikin kuɗin da na turo, ka ƙara masa na goro.

Ba wai na wanke su tas ba ne. Akwai mai kirɓa wa wuyan riga buroshi har ya zaizaye, akwai mai shanya a kan darnin ƙaya, akwai wanda garwashin dutsen guga zai huda maka wando ya rantse haka ka kawo shi.

Sai maganar injin da ka ce in turo a sa a kayan ɗakin amarya. Yaya, ka yi haƙuri. Wutar lantarkin nan mai ƙarfin volt 120 ce, tamu 230, in aka jona shi kai tsaye hayaƙi za a gani. Ko an sayi taransifoma, ina wutar take a garinmu? Wa kuma zai riƙa tura jarka shida daga tuƙa-tuƙa duk ranar wanki? In dole sai an yi don idon dangin miji, a sayi ɗan mai baki biyun nan da ake sayarwa a Kano, a bar shi a kan kayan yara da zannuwan gado. Leshi da shadda da duk abin da aka yi wa aiki kada su kusance shi, tawul kuma ya shiga shi kaɗai.

Ni dai yanzu a bahon wanka nake tsugunawa da kayan gida, da sabulu da ruwan sanyi. Sau ɗaya na ɗaura igiya a baranda na shanya, washegari na tarar da takardar gargaɗi a ƙofa, wai dokar gidan ta hana. Rana tana nan tana dukan bango a banza, ni kuwa jamfata tana ɗiga a banɗaki kwana biyu.

Rigar na ba wani mai tahowa Kano wata mai zuwa, a gwada kai ta Kura ko mabuga za su iya dawo mata da rai. Da na gama zayyana wa Inna duk wannan a waya, maburgi da rariya da lita 150, shiru ta yi har na ɗauka layin ne ya yanke. Can ta ce, "Auta, riga ɗaya tal. Hannun naka karyewa ya yi?"