A Shikago har ta'asar 'yan fasa-ƙwaurin giya sai ka biya kuɗi za ka gani

Kullum tambayarku ɗaya ce, nawa ake haya, nawa ne kilon nama. Yau ku bar ni in ba ku labarin wata haja da ban taɓa zaton ana kasawa ba, wato kashe-kashen da aka yi a birnin Shikago na Amurka kusan shekara ɗari da suka wuce.

Wani abokin aikina ne ya yankar mana tikiti ta intanet, wai za a zaga da mu a bas mu ga inda 'yan daban dā suka yi ɓarna. Lokacin da aka rubuta a tikitin, shi motar ta tashi. Babu kwandasta mai kiran "saura mutum ɗaya", babu wanda aka cusa a kan cinyar wani. Mai yi mana bayani ya sha malafa da kwat irin na mutanen wancan zamani, kuma Allah ya sani ya iya bakinsa.

A Janairun 1920 Amurka ta haramta dafa giya da sayar da ita da safararta a ƙasar baki ɗaya. Mashaya ba su daina ba, sai kasuwar ta faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri, wasu na tsallako da ita daga Kanada, wasu na dafawa a ɓoye cikin unguwanni. Shikago ta rabu biyu. Kudu na hannun Johnny Torrio da yaronsa Al Capone, ɗan Italiyawa da aka haifa a Brooklyn a 1899. Arewa kuwa ta Dean O'Banion ce, wanda da rana furanni yake sayarwa.

Motar ta tsaya gaban cocin Holy Name a titin State. Daura da cocin nan shagon furannin yake a dā. A Nuwamban 1924 mutum uku suka shiga kamar masu ciniki, ɗaya ya miƙa wa O'Banion hannu ya riƙe gam, sauran suka harbe shi. Daga nan aka shiga ramuwar gayya. A farkon 1925 aka harbi Torrio, ya sha da ƙyar, ya sakar wa Capone ragama, lokacin Capone yana ɗan shekara 26. A Oktoban 1926 aka bindige Hymie Weiss, magajin O'Banion, a gefen cocin. Har wani ɗan rami aka nuna mana a jikin dutsen ginin, wai tabon harsashi ne, mutane suna ta leƙe da wayoyi.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne titin Clark. Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren Bugs Moran, jagoran 'yan daban Arewa a lokacin, a jikin bangon wani gareji aka yi musu ruwan harsashi. Biyu daga maharan kayan 'yan sanda suka sa. Capone yana Florida a ranar, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. An rushe garejin tun 1967, tubalan bangon ma suna wani gidan tarihi a Las Vegas. Fili ne kawai da ciyawa, amma duk motar ta miƙe tana ɗaukar hoto. Can sai aka saki ƙarar bindiga ta lasifika, mai bayani ya ce kowa ya duƙa. Aka duƙa, aka bushe da dariya. Ni dai bakina ya ƙi buɗuwa. Wanda yake da 'yan uwa a Zamfara da Katsina, wanda idan waya ta yi ƙara da tsakar dare gabansa ke faɗuwa, ba ya jin wannan ƙara a matsayin wasa. Na ce a raina, ko wata rana wani zai yanki tikiti a zaga da shi dajin Rugu yana dariya? Allah ya kiyaye.

Kada ku ɗauka Turawan nan waliyyai ne. Da cin hancin 'yan sanda da 'yan siyasa Capone ya yi ƙarfi. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka kama shi: ba da laifin kisa ba, da lissafin haraji. A 1931 aka ɗaure shi shekara 11, ya ɗanɗana kurkukun Alcatraz, ya fito a 1939 da ciwo, ya mutu a 1947. Dokar hana giyar kanta an soke ta a Disamban 1933. Giya haramun ce a wurinmu, wannan babu ja. Amma duk wanda ya ga yadda shinkafa ta riƙa ratso daji a kan babura bayan rufe boda a Agustan 2019 ya san wa ke yin ƙiba idan aka kafa doka aka bar masu tsaronta da yunwa.

Da za mu sauka sai ga gwangwanin tukuici a bakin ƙofa, bayan kuɗin tikiti. Wannan ɗabi'a tasu ta ishe ni, kowa ya yi aikin da aka biya shi sai ya zuba maka ido. A shagon tsaraba kuma riguna da kofuna ne da fuskar Capone, farashin da ke jiki daban, wanda za ka biya a wajen mai karɓar kuɗi daban, sai an ɗora haraji.

Duk da haka haushin kanmu ya fi damuna. Mutanen nan da ɗan ramin harsashi da filin ciyawa suke ciyar da direba da mai bayani da mai shago. Mu muna da ganuwar Kano, muna da hasumiyar Gobarau, muna da marinar Ƙofar Mata, ga tarihin da ba abin kunya ba ne. Ganuwar ana yashe ƙasarta ana gini a kanta, kowa na wucewa. Zuwana gida na ƙarshe na kai wani baƙo wani gidan tarihi, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce mai makullin ya tafi ɗaurin aure, mu dawo Litinin. Ranar Lahadi jirgin baƙon ya tashi.