Faifan kaca ko ƙarin bolt: wanne zai ƙara wa babur na lantarki gudu?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na zauna da biro da takarda kafin in amsa. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu yana da babur na lantarki mai batirin bolt 60, irin wanda injinsa ke tsakiya yana jan tayar baya da kaca. Ya ce ko ya murɗe totur har ƙarshe a hanyar Wudil, allon gudu ba ya wuce kilomita 72 a awa. Wani bakanike ya ce a cire faifan kaca na baya mai haƙori 42 a sa mai 36, wani kuma ya ce a bar faifai, a sayi batirin bolt 72. Yana so ya san wanda zai bi.

Duk su biyun ba su yi ƙarya ba, amma ba wuri ɗaya suke taɓawa ba, kuma akwai abu na uku da ba wanda ya faɗa maka a cikinsu.

Ka fara tuna cewa baburinka giya ɗaya ce da shi. Babur na fetur yana tashi da ta ɗaya, ya miƙe da ta huɗu. Naka kuwa da giyar da ya tashi da ita zai ƙure gudu. Haka yawancin na lantarki suke, har manya: Zero SR/F da aka fitar a Amurka a 2019 yana kai kilomita 200 a awa da giya ɗaya tak da bel. Kamfanin Brammo ya taɓa fitar da Empulse mai giya shida a 2012, amma tsarin bai yaɗu ba, domin injin lantarki yana ba da ƙarfin jansa tun daga tsaye. Saboda haka gudunka na ƙarshe ya rataya a kan abu uku: sau nawa inji ke juyawa a minti, sau nawa ake rage juyin kafin ya isa taya, da kuma kewayen tayar.

Wannan lissafi za ka iya yin sa a ƙofar gida. Ka sa alli a gefen taya inda ta taɓa ƙasa, ka tura babur har allin ya sake dawowa ƙasa, ka auna tsakani. Taya mai rim inci 17 za ta ba ka kusan mita 1.8. Kilomita 72 a awa daidai yake da mita 1,200 a minti, ke nan tayarka tana juyawa kusan sau 667 a minti. Idan ƙaramin faifan gaba haƙori 14 ne, na baya 42, to sai na gaba ya juya uku kafin taya ta juya ɗaya. Mu ɗauka, a matsayin misali, akwai wani ragin na biyu-da-ɗaya a cikin akwatin injin, duka ya zama shida. Injinka ke nan yana juyi kusan 4,000 a minti a lokacin da ka ƙure shi.

To, mu ɗauki shawarar bakanike na farko. An sa 36 a baya, ragin ya sauko daga 6 zuwa 5.14. In inji ya ci gaba da juyi 4,000, taya za ta yi kusan 778, gudu ya zama 84. Kuɗin kaɗan ne, aikin bai fi na rabin yini ba, sai dai a rage tsawon kaca, kuma in bai yi maka ba ka mayar da tsohon. Amma faifai ba ya ƙirƙirar ƙarfi, musaya kawai yake yi. Abin da ya ba ka a gudu ya ƙwace shi daga ƙarfin ja: kusan kashi 14 cikin ɗari na ƙarfin da ke isa taya ya tafi. Za ka ji haka a tashi daga danja, a hawan gada, a cikin yashi, da ranar da ka goyo mutum da buhu. Kuma don inji ya yi aikin da yake yi da, dole ya ja wutar da ta fi ta da da kusan kashi 17. Zafin da ke tashi a cikin koyil ba ya bin wutar daidai wa daida, ninkinta a kanta yake bi, don haka ƙarin 17 a wuta yana zama kusan ƙarin 36 a zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganaɗisun da ke cikin waɗannan injuna in ya sha zafi fiye da ƙima yana rasa ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa.

Shawarar na biyu daban take. Juyin injin lantarki yana bin bolt ɗin da aka ba shi. Yayin da yake juyawa shi ma yana haifar da tasa wutar da ke tunkuɗar ta batir, tana ƙaruwa da gudu, har ta kusa kamo ta batir, daga nan ba sauran ƙari. Shi ya sa kake ganin babur ya fi kuzari da safe da cikakken caji, da yamma kuma ya yi sanyi. Daga 60 zuwa 72 ƙarin kashi 20 ne, juyi ya tashi daga 4,000 zuwa 4,800, gudu a kan takarda ya kai 86, kuma ƙarfin tashi bai ragu ba tunda faifai na nan yadda yake. Wannan ƙari ne na gaske, ba musaya ba. Matsalar ita ce batir ba ya tafiya shi kaɗai. Batirin litiyam da ake kira na 72, irin mai ƙwayoyi 20 a jere, yana kaiwa bolt 84 in ya cika. Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji daga batir, in an ƙera ta don 60, na iya ƙonewa nan take da aka haɗa ta. Ke nan sai sabuwar kwantirola, sabuwar caja, da na'urar da ke sauko da wuta zuwa bolt 12 don fitila da hon, sai a duba ko ita ma za ta ɗauka. Batir kuwa shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin. In kuma irin baburan da ake musayar batirinsu a tasha ne, ko akwai sauran garanti a kansa, wannan hanya a rufe take.

Abin da ba su faɗa maka ba shi ne iska. Lambobin nan 84 da 86 rufin juyi ne kawai, akwai wani rufin na ƙarfi, kuma wanda ya fi kusa da kai shi za ka fara bugawa. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana bin gudu sau gudu sau gudu: in ka ninka gudu biyu, sai ka nemi ƙarfi sau takwas. Daga 72 zuwa 84 kaɗai, iska za ta nemi ƙarin kusan kashi 60. Mutum a zaune miƙe da babbar riga, a gudun 72, iska kaɗai tana cin wajen kilowat 3. In injinka da kwantirola ba su da ragowar ƙarfi, ka sa 36 ɗin, inji ya kasa kai juyinsa na da, ka tsaya a 73 ko ma ƙasa da inda kake, ga zafi, ga kasala a tashi. Ko batirin 72 ƙarin kashi 20 yake bayarwa in wutar da kwantirola ke ja ba ta canza ba, alhali iska a gudun 86 tana neman ƙarin fiye da 70. Sannan cajin da iska ke ci a kowace kilomita zai ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku, nisan birki ma haka.

Don haka kafin ka kashe ko sisi, ka gano wane rufi ne ya tare ka. Ka sami miƙaƙƙiyar kwalta da ba cunkoso, da hular kwano a kanka, ka kunna GPS na waya ka ajiye ta a aljihu ta riƙe maka gudu mafi girma. Ka ƙure totur a zaune miƙe, sannan ka sake yi a sunkuye. In sunkuyawa ta ƙara maka kilomita biyar ko shida, ƙarfi ne ya gaza, ƙaramin faifai ba zai taimake ka ba. In lambar ta kafe wuri guda, ko ka sunkuya, ko a ɗan gangare, ko caji ya cika ko ya yi rabi, to kwantirola ce aka ɗaure daga kamfani, kuma wannan saiti ne, ba faifai ba ne ba batir ba. In kuwa babur yana zaburowa da sauri ya isa 72 sannan ya tsaya, sunkuyawa ba ta ƙara komai sosai, amma gudun yana sauka yayin da caji ke sauka, to juyi ne ya ƙare maka da sauran ƙarfi a hannu. Nan ne faifai zai biya ka.

Na nace a kan GPS ne saboda baburan da yawa daga juyin inji suke lissafa abin da allo ke nunawa, ba daga taya ba. Ka canja faifai, allon zai ci gaba da nuna lissafin tsohon faifai.

Masu baburan da injinsu ke cikin tayar baya, irin ƙananan nan da suka yawaita tun bayan cire tallafin fetur a 2023, wannan zaɓi bai shafe ku ba. Ba kaca, ba faifai, juyin inji shi ne juyin taya. Taya mai rim inci 10 a juyi 667 ɗin nan kilomita 51 kawai za ta ba da.

Da ni ne, Malam, ba zan yi tsalle daga 42 zuwa 36 ba. In gwajin ya nuna akwai ragowar ƙarfi, zan bar na baya, in mayar da na gaba daga 14 zuwa 15. Ƙarin kashi 7 ne, wajen 77 a awa, kuma asarar ƙarfin ja ba za ta dame ka ba. Ka yi mako guda da shi, duk ka dawo daga doguwar tafiya ka kai bayan hannunka kusa da murfin inji ka ji ko zafin ya fi na da. In kana yawan goyo ko unguwarku yashi ce, ka bar shi a 14 da 42. Batirin 72 kuwa sai ranar da wanda kake da shi ya tsufa, ka sayi batir da kwantirola da caja lokaci guda, bayan ka karanta bolt ɗin da aka rubuta a jikin injin.